Zare a Ƙafar Keken Isufu

Daminar bana ta zo mana da irin ruwan nan da ba ya zuba sosai, ba ya kuma ɗaukewa. Zani ba ya bushewa a igiya, gishiri ya narke a kwalbarsa. Ran nan da hantsi na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai na ga wani jan ruwa ya biyo siminti daga ƙarƙashin bene. Na bi shi da ido, ashe daga keken wani ɗan hayarmu ne da aka mayar aiki Kumasi, ya ɗaure kekensa a ƙarfen bene ya tafi. Na ce wa 'yata Sa'a ta kira mini shi yanzu-yanzu. Ta danna waya, ta gaya masa tsatsa ta fara cin kekensa, shi kuwa har da dariya ya ce mabuɗi na wurin mai shagon ƙofar gida, duk mai so ya hau. Maganar ba ta kai tsawon alwala ba aka gama ta. Ni kuwa na koma ɗaki na zauna, don jan ruwan nan ya mayar da ni wata damina da ta haura shekara talatin.

Lokacin muna wani gidan haya a Nima, a gangaren da ke sauka babbar gota, ni da maigidana Malam Sani, Allah ya jiƙansa da rahama. Dukanmu daga ƙasar Maraɗi muke, aure ne ya kawo ni Accra. Malam ba attajiri ba ne, ɗinkin buhu yake yi wa wani dillalin masara a Kasuwar Malam Atta. Abin da ya mallaka a duniya suna ne. 'Yan ci-rani da ke zuwa daga gida wurinsa suke sauka, ya samo musu makwanci, ya haɗa su da masu ba da aiki. In damina ta gabato za su koma noma, sai kowa ya kawo abin da ba zai iya ɗauka ba ya bar masa ajiya. Akwatuna, butocin shayi, tabarmi, har ƙarƙashin gadonmu babu wurin sa takalmi.

Malam yana da wata al'ada da ban taɓa ganin wani na yi ba. Duk wanda ya kawo ajiya, sai ya tara mutanen gida, ya miƙa wa mai kayan farin zare irin na saƙa, ya ce ya ɗaure bakin kayansa da hannunsa, ya yi ƙullin da zai gane. Ran da mutum ya dawo a sake tara jama'a, ya duba ƙullinsa, ya ce ya karɓi kayansa, sannan a shafa fatiha. Dalili kuwa akwai shi. A layin bayanmu an yi wani maigida da aka bar wa keken ɗinki, aka ce ya ba da shi haya damina guda. Har yau ban san ko gaskiya ba ne, amma na ga yadda ya ƙare: yana shiga masallaci ana matsawa, 'yan garinsu suka daina sauka wurinsa. A zango, unguwar baƙi irinmu, baƙo ba shi da gona, ba shi da dangin da za su tsaya masa, in sunansa ya ɓaci ya gama yawo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi ya sa Malam ya riƙe zaren nan kamar farilla.

Shekarar da nake faɗi ita ce ta farko da aka kawo mana kekuna. Uku ne. Biyu na wasu 'yan'uwa ne masu tallan atamfa, tsofaffin kekuna da suka ga duniya. Na ukun na Isufu ne, wani siririn mutum ɗan wajen Tawa, mai yawan shiru, wanda ke kai wa masu shayi burodi. Shekaru ya yi yana ɗaukar akwatin burodi a ka, daga Nima zuwa Maamobi zuwa New Town, har gashin tsakiyar kansa ya zube. Ranin nan Allah ya nufa ya sayi baƙin keke sabo fil, aka ƙera masa akwati a kariya. Kullum kafin ya karya kumallo sai ya goge keken nan da tsumma. Ni kuwa na raɗa wa keken suna amaryar Isufu, in ya zo shan koko in tambaye shi yaya amarya ta kwana, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tun da ya samu keken gidan burodi suka ƙara masa hanya, har ya fara maganar ɗauko matarsa da ɗansu daga ƙauye.

Ran da za su tafi, Malam ya kawo zare, aka tsaya tunanin ina bakin keke yake da za a ɗaure. Shi ne ya samo dabara: a zura zaren ta cikin siraran ƙarafan ƙafa, waɗanda masu gyara ke kira sifok, a ɗaure shi da jikin keken gaba da baya, yadda ko taƙi ɗaya ƙafar ta juya zai tsinke. Masu atamfa suka ɗaura nasu suna raha. Isufu ya tsaya da zaren a hannu.

"Baba, tsakanina da kai ai babu zare," in ji shi.

"Ba don kai ba ne, Isufu. Don bakin mutane ne. Ɗaura."

Ya durƙusa ya ɗaura. Ɗakinmu ciki ɗaya ne da 'yar rumfa, keke ko ɗaya ba zai shiga ba, kuma Malam ya fi so su zauna inda kowa ke gani. Aka jingina su da bangon tsakar gida kusa da duron ruwa. Malam ya nannaɗe su da leda, ya rufa tamfol a kai, ya ɗaure tamau, ya danne gefe da duwatsu yadda ko iska ba za ta shiga ba. Da ya gama ya ja baya ya dubi aikinsa, ni ma na ce madalla.

Mu mutanen tudu ne, iya abin da muka sani ke nan. A garinmu manomi na rataye hauya a jikin rumbu bayan kaka, bazara ta zagayo ya ɗauke ta kamar jiya ya ajiye. Akwati kuwa a rufe shi a ƙyale shi, shi ne zaman lafiyarsa. Na san allura na tsatsa a Accra, na san kwaɗon ƙofa na cijewa, amma wa zai haɗa allura da keke? Mun ɗauka abokin gabar ƙarfe ruwan da ke saukowa daga sama ne, mun kuwa rufe sama. Ba mu yi tunanin danshin da ke tasowa daga siminti ba, balle iskar teku da ke shigowa gari kowane maraice.

Sai ruwa ya sauka. Na ga damina da yawa a garin nan, amma waccan daban take. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗan tsagaita, kafin ka shanya tsumma ya dawo. Sana'ata koko da ƙosai ce a bakin titi. Da asuba nake tashi in tace ƙullu, in shiga neman wuta. Ashana ta yi laushi, kanta na murmushewa a jikin kwali, gawayi ya sha ruwa sai hayaƙi mai sa hawaye. Mu matan gidan, da 'yar Dagomba, da 'yar Kotokoli, da wata 'yar Frafra mai ciki, muka daidaita ba tare da an zauna ba: duk wadda wutarta ta kama, garwashi ya zagaya ɗaki-ɗaki a murfin gwangwani. In koko ya dahu na fita da shi, wa zai saya? Leburori ba su fito ba, yara suna gida. In dawo da rabin tukunya, mu sha da rana, mu sha da yamma, washegari ya yi tsami mu sha haka nan.

Gota ta cika ta tumbatsa, ta shigo mana da duk abin da mutanen sama suka zubar. Mu ɗora tabarmi kan gado, mu jeru daga bakin ɗaki zuwa ƙofar gida, kwano na bin hannu, muna kwashe baƙin ruwa. In ya janye ya bar laka, mu kankare, mu wanke da toka. Bango ya yi kore har gwiwa. Sa'a tana goye lokacin, zanin goyo ba ya bushewa, cikinta duk ya feso da ƙuraje. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne warin fumfuna a tufafi, yana bin mutum har kan sallaya.

Ana cikin haka ruwa ya shiga siton dillalin masara, masara ta tsiro a cikin buhuna, mutumin ya rufe ya sallami kowa. Malam ya yi 'yan kwanaki a gida, sannan wani ɗan garinmu ya samo masa aikin wanke tsofaffin kayan mota a Abossey Okai. Wanda ya san Accra ya san tsakanin Nima da can ba nan kusa ba ne. Abin da ake ba shi, in ya shiga trotro, motar hayar garin, zuwa da dawowa babu na abinci, sai ya zaɓi abinci. Bayan sallar asuba ya yafa buhu a ka, ya naɗe wando, ya kama hanya a ƙafa. Ya dawo da magariba ƙafafu sun yi fari fat, tsakanin yatsu ya tsage yana ruwa. In dafa ruwa da gishiri ya tsoma, in shafa masa man kaɗe, yana cije baki. Tuwo ya zama na jefi-jefi, sauran ranaku garin rogo ne da ɗan barkono. Kuma kullum, fita da shiga, sai ya wuce ta gaban tamfol ɗin nan.

Ni ba mai iya haɗiye magana ba ce, duk Nima an sani. Na ce masa kekuna uku a gida, mai gidan yana ruɓewa ta ƙafa, wannan wane irin tsoron Allah ne? Ya ɗauki ɗaya cikin na masu atamfa mana, in sun dawo mu gaya musu. Ya dube ni kamar na ce ya ci mushe. Ya ce kada in ƙara, kuma kada matan gida su ji na faɗa. Na yi ƙwafa na tashi. Haushinsa nake ji, a ƙasan haushin kuma ina alfahari da shi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Wata safiya da rana ta ɗan leƙo, na ga jan ruwa na tsiyayowa daga ƙarƙashin tamfol. Na zaci wata ce ta zubar da man ja, har na fara faɗa. 'Yar Kotokolin nan ta dangwala da yatsa ta shinshina, ta ce wannan ƙarfe ne. Ran Lahadi da babu aiki, Malam ya kira maza biyu na gidan su tsaya shaida, ya kwance igiya. Da aka ɗaga tamfol wani tururi mai wari ya buso, cikin ledar duk gumi ne yana ɗiga. Kan kekunan da ke ƙyalli ya yi tabo-tabo ja, sarƙa ta koma launin ƙasa, sirdin Isufu ya yi fari da fumfuna. Zare kuwa yana nan, ya yi datti amma bai ko motsa ba.

Aka kira Mba Yakubu, wani dattijo ɗan Dagomba mai gyaran keke a hanyar Maamobi, abokin hirar Malam ne. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce da sauran rai. Abin da ke waje ba komai ba ne, a goge. Ciwon yana ciki, inda ƙafa ke juyawa da inda feda ke juyawa, ruwa ya shiga ya kwanta. Maganin a kwance a sa giris, sannan a riƙa hawa. Ya kai hannu zai juya ƙafar gaba, Malam ya riƙe shi, ya nuna masa zaren.

Mba Yakubu ya ɗaga kai, ya ce da Hausarsa ta zango: "Malam, keke nan ba akwati ba ne. In bai tafi ba, zai mutu kuraa, gaba ɗaya. Zare ya ƙare a kasuwa ne?"

"Irin wannan ba a sayar da shi," in ji Malam.

Nan fa aka shiga gaba kura baya siyaki. In ya tsinke zaren don ya ceci kekunan, duk zango sun san ba shi da kuɗin mota, sun kuma san nisan Abossey Okai. Wa zai yarda don gyara aka tsinke? Ko masu kekunan sun yarda, masu zaman bakin masallaci ba za su yarda ba. In kuwa ya bar zaren, yana ji yana gani abincin Isufu zai ruɓe a tsakar gidansa. Na ce a kira shaidu a tsinke a gabansu. Ya ce shaidu za su ga ranar da aka tsinke, wa zai ga sauran ranakun? Na ce to ni zan yanke, a ce ɓera ne. Ya ce ɓeran ne zai tsaya masa ranar hisabi? Na ce Isufu da bakinsa ya ce babu zare tsakaninku. Ya ce ya faɗa, amma kuma ya ɗaura. Na yi juyin duniya, mutumin nan ya kafe kai da fata.

Abu ɗaya ya yarda da shi, a nemi izinin masu kaya. Waya a lokacin sai gidan waya, ƙauyen su Isufu kuwa ko hanyar mota babu. Malam ya je inda motocin albasa ke sauke kaya, ya samu direba mai komawa Nijar, ya ba shi saƙon baki: ya gaya wa wani mai shago a Tawa, shi kuma ya gaya wa duk wanda ya zo cin kasuwa daga ƙauyen, cewa ƙarfe na lalacewa, a ba da izini a tsinke zare. Daga nan muka shiga jira. Duk motar albasa da ta shigo sai ya je ya tambaya, a ce ba wannan direban ba ne, ko a ce hanya ta yanke.

Kafin amsa ta zo ya yi abin da zai iya. Ya cire ledar, ya sa aka ɗaga kekunan cak aka ɗora kan bulo. Ya riƙa kawo baƙin mai a 'yar kwalba daga wurin aiki, ran Lahadi ya zauna da gashin kaza yana ɗiga man duk inda ido ya kai, yana kewaye zaren a hankali. Ina daga bakin murhu ina kallonsa, ƙafafu naɗe da tsumma, yana jinyar ƙarfe. Man ya tsaya a waje, ciwon yana ciki yana cin abinsa. Babban ruwa ya wuce, aka shiga watannin nan na sanyi da yayyafi. Ƙararrawa ce ta fara yin shiru, a danna ta ƙi dannuwa. Sai birki ya cije. Tayoyi suka sace suka tsattsage, sarƙa ta sandare. Mba Yakubu in ya shigo gaisuwa sai ya kau da kai ya wuce rumfa. Amsa ba ta zo ba.

Isufu ne ya fara dawowa, tun sauran ba su gama girbi ba. Na gan shi a ƙofar gida da 'yar jaka, ban gane shi ba sai da ya yi sallama, ya rame sai wuya. Ashe lokacin da muke kwasar ruwa da kwano a nan, can ruwa ya ɗauke musu bayan gero ya yi ciki. Ya bar wa uwarsa da matarsa ɗan abin da aka samu, ya roƙi wata motar albasa ta ɗauko shi. Saƙo kuwa ko labarinsa bai ji ba. Na zuba masa koko, yana sha yana gaya mini ya biya ta gidan burodi kafin ya iso, sun ce in da kekensa gobe ya fito, hanyarsa na nan. Har ya tambaye ni, da ɗan murmushin nan nasa, yaya amarya. Ni da bakina ba ya mutuwa, sai kawai na ce bari Malam ya shigo.

Ranar ta faɗa Lahadi. Bayan la'asar Malam ya tara mutanen gida kamar yadda ya saba. Bai ɓoye komai ba, ya faɗi yadda aka rufe, da abin da Mba Yakubu ya ce, da saƙon da aka aika. Sannan ya janye tamfol. Isufu ya daɗe a tsaye. Ya durƙusa ya duba ƙullin gaba, ya duba na baya. Ya sauke keken daga bulo ya tura, keken ya ja ƙasa kamar an ja benci, ƙafa ba ta juya ba. Ya taka feda da duk ɗan ƙarfin da ya rage masa, feda ko gezau. Zaren da aka ɗaura don ya tsinke in ƙafa ta motsa, ga mai keken da kansa yana turawa ya kasa tsinke shi.

Isufu ya karkaɗe gwiwarsa.

"Ƙullina ne, Baba. Ba a taɓa ba. Na karɓi kayana."

Malam ya ɗaga hannu zai ja fatiha ya kasa, sai wani ne ya ja. Isufu ya saɓa keken a kafaɗa ya fita da shi. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka, na tausayi da na haushi a haɗe.

Mba Yakubu ya yi iya yinsa. Ya jiƙa shi da kananzir, ya gasa da wuta, ya buga da guduma. Ƙarfen feda ya karye a ciki, da aka kankare ƙasan keken sai ga huda, ruwan da ya kwanta a bututun ya cinye shi. Gidan burodi ba su jira ba, suka ba wani mai keke hanyar. Isufu ya sayi igiya, ya naɗa gammo, ya shiga dako a Kasuwar Malam Atta. Maganar ɗauko mata ba a ƙara jin ta ba. Malam ya same shi ya ce zai riƙa rage wani abu daga ladan aikinsa har a haɗa wani keken. Isufu ya ƙi. Ya ce wanda ya mayar da ajiya da zarenta ya fita, in ya karɓa daidai yake da ya ce Baba ya ci amana, shi kuwa ba zai faɗi haka ba ko yunwa za ta kashe shi. Masu atamfa da suka dawo sun yi 'yan gunaguni, suka sayar wa masu tsohon ƙarfe nasu, suka ci gaba da harkarsu.

Abin da ban zata ba shi ne yadda labarin ya juya a zango. Sai ga shi ana ba da shi a teburin masu shayi: mutumin da ya yi damina guda yana taka Abossey Okai da ruɓaɓɓun ƙafafu, alhali kekuna uku na jingine a gidansa. Liman ma ya kawo shi misali a wa'azi, bai faɗi suna ba amma kowa ya waiwaya. Sunan da Malam ya tsare ya tsaru, har ya ƙaru. Shi kuwa ranar wa'azin nan ya dawo bai taɓa abinci ba. Dillalin masara ya sake buɗe sito ya aiko a kira shi, ga aiki kusa da gida, Malam ya ce ba ya so. Na san dalili, a ƙofar siton nan 'yan dako ke zama. Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, yana tsoma ƙafa a ruwan gishiri, ya ce: "Rabi, kayan wa na tsare?" Ina da amsa a bakina, kuma karon farko a zamanmu na haɗiye ta.

Da shekara ta zagayo, hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku, 'yan ci-rani suka shiga shirin gida. Masu kawo ajiya suka ninka, har da waɗanda ba 'yan ƙasarmu ba, tsakar gida ta cika da akwatuna da kekuna. Wasu ma da zarensu suka zo a aljihu. Malam ya fito ya tsaya a bakin rumfa, ya ce daga yau babu zare. Akwati zai buɗe shi ya shanya kayan ciki in rana ta fito, keke zai hau shi ko ya sa a hau. Wanda ya yarda ya ajiye, wanda bai yarda ba Allah ya haɗa shi da wani wurin. Aka yi cirko-cirko. Wani ya ce ai su don zaren suka zo. Fiye da rabi suka kwashe kayansu suka fita, ina jin wasu na cewa yabo ya ɓata shi.

Isufu ne ya shigo a ƙarshe, bayan an watse. Ya ƙara ramewa, wuyansa ya ɗan karkace irin na masu dako. Ya gaishe ni, ya tsuguna gaban Malam, ya ciro abin da ke hammatarsa. Igiyar dakonsa ce a naɗe, da gammonsa da ya yi baƙi da gumi. Ya miƙa da hannu biyu.

"Ga ajiyata, Baba. In Allah ya dawo da ni zan same su. In wani ya buƙata kafin nan, ka ba shi ya yi aiki da su."

Malam ya karɓa da hannu biyu shi ma. Ya raka shi har bakin titi, abin da ba ya yi wa kowa. Da ya dawo bai sa su ƙarƙashin gado ba, ya zauna a rumfa da su a cinya. Na kira shi cin abinci bai amsa ba. Na leƙo, na tarar babban mutum ya kifa fuska a cikin gammon ɗan dako yana kuka, kafaɗunsa na rawa. Sai na saki labule, na riƙe Sa'a a ɗaki don kada ta fita ta gan shi.